Baba Maccido Mai Riƙe Katako

Duk wanda ya saba bi ta bayan kasuwar Tambuwal da sassafe ya san ƙarar zarton Baba Maccido. Da an idar da sallar asuba yake wucewa rumfarsa, ya share garin katakon jiya, ya yayyafa ruwa a ƙasa, sannan ya zauna kan benci yana wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya gama wannan, ko gaisuwa da ka yake amsawa. Ya koyi kafinta tun shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ana ta gina makarantu, ya ce a lokacin ko mafarki ya yi teburin 'yan makaranta yake gani. Rabin ƙofofin unguwarmu aikin hannunsa ne. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma Sanyinna ya zauna kusa da gonarsa, domin idonsa ya daina ganin zanen fensir a kan katako.

Na san mutane za su yabe shi a kan ƙofofi da gadaje. Ni a kan wani aiki daban zan jinjina masa, wanda ba a rubuta a jikin rumfarsa ba. Shekara ashirin da 'yan kai shi ne yake yanka mana katakon da muke fasawa a wasan taikwando, shi ne kuma yake riƙe shi a gaban ƙirjinsa mu kai duka. Bai taɓa ɗaura ɗamara ba, ko fara ta 'yan koyo, kuma babu takardar shaida ko ɗaya da ta fito da sunansa.

Taikwando wasan kare kai ne na mutanen Koriya, ana yin sa da hannu da ƙafa, ana hawa mataki-mataki, kowane mataki da launin ɗamararsa har a kai ga baƙa. Wanda ya kawo mana shi Malam Ɗanmaliki ne, tsohon soja mutumin Kebbe, wanda ya koyo shi a bariki. Da ya fara tara mu a filin makaranta da fararen kaya, 'yan damben garinmu sukan tsaya a gefe suna dariya, suna cewa su dai jaki suka sani da harbi. Ni sunana Dikko, malamin motsa jiki ne a wata sakandare, ina cikin waɗanda suka fara shiga, kuma a lokacin ina ji da kaina fiye da kima.

A shekarar 1994 aka ce manyan wasan za su zo daga Sakkwato su gwada mu, cikin gwajin kuwa har da fasa katako da gefen hannu. Malam Ɗanmaliki ya je wurin Maccido ya ba shi awo, ya ce yana son katako mai kyau, baƙi ne za su zo su gani. Bai ce masa fasawa za a yi ba. Shi kuwa Maccido abin da ya ji shi ne baƙin Sakkwato za su duba aikinsa, kuma a garinmu ba a ajiye wa baƙo abu mai rauni. Sai ya jawo wani busasshen maɗaci da ya shekara uku yana ɓoyo don ƙofar ɗakinsa, ya yanka, ya goge da samfefa, har mai ya shafa masa ya yi ƙyalli.

Ranar gwajin Malam Ɗanmaliki yana can yana fama da zaunar da baƙi, aka kwance katakon aka miƙa wa masu riƙewa. Ni ne na farko. Na ga katakon ja ne, na ga nauyinsa a hannun masu riƙon, amma jama'a sun cika fili kuma 'yan damben nan suna gaba-gaba. Na yi ihu na kai duka da iya ƙarfina. Har yau ina jin wannan ƙarar a kunnena, ƙarar ƙashi ce ba ta katako ba. Hannuna na dama ya karye wuri biyu, shi kuwa maɗacin ko tabo bai yi ba.

Ina zaune a zauren mai ɗori an ɗaure hannun da kara, sai ga Maccido ya shigo, wanda a lokacin sanin gaisuwa kawai muka yi. Ya cire takalmi ya durƙusa a gabana, mutumin da ya kusa haifata.

Ya ce, "Malam Dikko, ni na karya ka. Cewa anka yi baƙi na zuwa, ni ko ban iya kai ma baƙo ruɓaɓɓen icce. Da na san hannun mutum za a sa, wallahi da ban ba da shi ba."

Na ce masa ba komai, ƙaddara ce, amma a zuciyata ina jin haushinsa. Da wani ne, da ya ba da haƙuri ya tafi, ya riƙa sauya hanya idan ya hango mu. Shi washegari filin makaranta ya nufa, ya tsaya gaban Malam Ɗanmaliki ya ce a gwada masa yadda ake abin nan tun daga farko.

Haka ya mayar da kansa ɗalibi da furfurarsa. Ya gano cewa farin katako mai laushi ake so, marar kulli, wanda jijiyarsa ta tafi a miƙe, a kuma yanka shi yadda dukan zai bi jijiyar. Ya koyi shanya shi a inuwa. Yakan ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa ya kai kunne, wanda bai yi masa ba ya jefa shi gefe. Akwai ranar da aka yi ruwa kafin gwaji, ya zo ya ce duk katakon sun sha sanyi ba wanda zai taɓa su. Malam Ɗanmaliki ya yi ta faɗa da muryar soja, Maccido ya zauna a kan ɗaurin katakon ya ƙi tashi, sai da aka ɗage fasawar zuwa wani mako. Hadiza, wadda ita ce mace ta farko da ta ɗaura baƙar ɗamara a wurinmu, tana cikin waɗanda za su fasa a ranar, kuma har yanzu tana ba da labarin.

Daga baya ya lura cewa rabin haɗarin yana wurin mai riƙewa. Idan mai riƙo ya tsorata ya ja baya ko da kaɗan ne, katakon yakan bi dukan ya ƙi fashewa, ƙarfin ya dawo cikin ƙashin mai bugu. Sai ya karɓi riƙon ma. Yakan tura ƙafa ɗaya baya, ya miƙe gwiwar hannu ƙam, ya kama bakin katakon sama da ƙasa, ya kau da fuska. Tun daga wannan lokaci ba a sake kai ɗalibinmu ko ɗaya wurin mai ɗori ba.

Kai ne ka yi wannan, Baba, ba tare da wani ya sa ka ba. Kai ne kake barin aikin da mutane ke jira ka zo ka tsaya cikin rana da babbar riga, samari masu jini a jika suna auno ƙirjinka da diddige.

Ni kuwa hannuna ya warke amma tsoron bai warke ba. Na samu baƙar ɗamarata da dukan ƙafa, na ci gaba da koyar da na baya. Ina iya tsayawa in yi wa ɗalibi bayanin fasa katako da hannu tiryan-tiryan, nawa hannun yana bayana a ɓoye. Idan aka ce in nuna, sai in tuna wani uzuri. Shekara goma sha biyu ina wannan ɓoyon, ina tsammanin ba wanda ya gane.

A shekarar 2006 gwiwoyin Malam Ɗanmaliki suka gaza, ya ce zai koma Kebbe ya huta. Takarda ta zo daga Sakkwato cewa ajin Tambuwal zai ci gaba ne kawai idan akwai malami mai baƙar ɗamara mataki na biyu, in babu sai ɗalibai su riƙa zuwa can. Kowa ya san ba uban da zai riƙa sa ɗansa ko 'yarsa a mota zuwa Sakkwato duk mako saboda wasa, wato ajin ya mutu ke nan. Ni kaɗai ne shekaruna a wasan suka kai in shiga jarrabawar. A ƙasan takardar an jera abin da za a gwada, na bi su da ido ina gyaɗa kai, har na zo kan layin ƙarshe: katako biyu a haɗe, da gefen hannu. Saura mako bakwai.

Jerin takun da ake haddacewa bai dame ni ba, karawa da abokin gwaji ma haka. Amma tun ranar da na karanta layin nan abinci ya daina yi mini daɗi. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in ji alli ya faɗi daga hannuna. Matata Asiya ta dube ni wata rana ina juya tuwo a kwano ta ce, "Malam, in jarrabawar ga za ta kashe ka tun ba a yi ta ba, ka bar ma mutane abinsu." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tsoro nake ji, irin wanda yake sa babban mutum ya riƙa lissafin hanyar gudu.

Hanyar da na samo ita ce abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Wata Laraba bayan azahar na je rumfar Baba Maccido, na jira mai karɓar kujeru ya tafi, na matsa kusa da shi na rage murya. Na ce tunda kowa da katakonsa yake zuwa jarrabawa, ina so ya ɗan bi bayan nawa da siririn zarto, ya cike tsagar da garin katako da gam, yadda da na taɓa za su rabe. Na ce ba don kaina ba ne, don ajin ne. Na ma ƙara da abin da nake jin kunyarsa har gobe, na ce ai ya san dalilin da ya sa hannuna ya zama haka.

Ya ajiye zarton. Ya dubi hannun nawa.

Ya ce, "Na sani, Malam. Kullum kaz zo fili ina ganin inda kaka ɓoye shi. Sau guda na cuce ka da icce mai ƙarfi, ban sani ba. Yanzu so kake in cuce ka da na ƙarya, ina sane?"

Na ce, "Baba, ba wanda zai gane."

Ya ce, "Kai fa? Ƙaƙa za ka tsaya gaban ɗiyan mutane ka ce su buga na gaskiya? Ban yi. Amma in kana so, kullum bayan la'asar ka taho nan bayan rumfa. Ni ka riƙe maka har ranar."

Na tashi ko sallama ban yi masa ba. Kwana biyu ina fushi, a na uku na je, don ba ni da wani wurin zuwa.

Ya fara ni da falle siriri wanda ko yaro zai karya a gwiwa. Ko shi sai da na yi kwana huɗu ina kai hannu ina tsayawa kafin in taɓa. Duk lokacin da na ɗaga hannu sai ƙarar nan ta dawo mini. Bai taɓa yi mini dariya ba, bai kuma taɓa lallashina ba. Ya sa ni na riƙa goge katakon da kaina ina bin jijiyarsa da yatsa, wai in san abin da zan buga. Sannan ya nuna maɓallin rigarsa da ke bayan katakon.

Ya ce, "Kai katako kaka kallo, shi ya sa kaka tsayawa gare shi. Bar kallon shi. Maɓallin ga nika so ka taɓa."

A mako na biyar na fasa katako ɗaya cikakke. Na zauna a ƙasa ina duba hannuna ina juya shi, shi kuwa ya riga ya ɗauko wani. Amma biyu a haɗe sun ƙi. Na gwada ya fi sau ashirin, gefen hannuna ya kumbura ya yi baƙi, kullum a ƙarshen dukan sai wani abu a jikina ya ja birki. Har ranar da muka shiga motar Sakkwato, ni da shi da Malam Ɗanmaliki da sandarsa, ban taɓa fasa biyu ba. Tun daga Tambuwal har muka isa ɗaurin katakon yana kan cinyar Baba ya rungume shi.

An yi jarrabawar a wani babban ɗakin wasanni. Na yi jerin taku, na yi karawa, duk ina yi ne kamar wani ne yake motsa ni. Da aka zo fasa katako, mai jarrabawar, wani siririn mutum marar yawan magana, ya karɓi nawa ya miƙo su ko juya su bai yi ba. Gaskiya zan faɗa, a lokacin zuciyata cewa ta yi da Baba ya yi abin da na roƙa da yanzu na huta. Aka kira masu riƙo, sai ga Baba da babbar riga da hula ya fito tsakiyar masu fararen kaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ka riƙe mashi."

Mai jarrabawar ya tambayi launin ɗamararsa, aka ɗan yi dariya. Malam Ɗanmaliki ya dogara sanda ya miƙe ya ce shi ya tsaya masa, a duk jihar bai san wanda ya fi shi riƙo ba. Aka yarda, aka sa wani ƙato ya dafa masa baya. Aka ce dama biyu gare ni.

Na tsaya a gaban Baba. Na ɗaga hannu na kai duka, kuma a daidai ƙarshe na yi abin da Baba ya hana ni tun ranar farko, na runtse ido. Hannun ya kauce ya sauka can bakin katakon. Na ji ƙarar nan, ita dai, wadda na shekara goma sha biyu ina gudu. Na duba hannuna ina jiran zafin, na murza yatsu, na ga lafiyarsu lau. Na ɗaga kai na dubi Baba. Fuskarsa ba ta canza ba, sai dai gumi da ya tsattsafo masa a goshi. Ya ɗan gyara riƙo, ya mayar da hannun hagunsa bayan katakon.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ka ji na ce wani abu? Bai fashe ba, sake. Diba maɓalli."

Na yarda da shi, domin bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na ja numfashi, na kafa ido a kan maɓallin nan, na kai hannu ina nufin in taɓa shi. Katakon biyu suka rabe, hannuna ya wuce ya dafa ƙirjinsa. Ɗakin ya ɗauki tafi, ni kuwa ina tsaye ban ma gane na gama ba.

Sai da ya saki gutsattsarin suka faɗi ƙasa na ga hannun. Manuniyarsa ta hagu da ta tsakiya sun karkace gefe, sun riga sun fara kumbura. Dukana na farko a kansu ya sauka, kuma da su a haka ya sake riƙe mini katakon bai ja baya ba. Na kama hannun ina kuka a gaban mutane, ina tambayarsa don me bai faɗa ba.

Ya ce, "Da na ce wayyo, da ba ka ƙara ɗaga hannun ga har ka mutu. Bari kuka, mutane na kallo. Je ka amshi ɗamararka."

Wata uku bai riƙe zarto ba, kuma kafinta da hannunsa yake ci. Manuniyar ba ta sake miƙewa daidai ba, da ita a karkace ya ƙarasa shekarun aikinsa. Duk wanda ya tambaye shi a gari sai ya ce tsautsayin katako ne. Bai taɓa gaya wa kowa ni na karya shi ba, bai kuma taɓa gaya wa ko Malam Ɗanmaliki abin da na roƙe shi ranar Larabar nan ba. Yana warkewa ya dawo fili ya ci gaba da riƙo. Ajin Tambuwal yana nan har yau, ɗalibai suna zuwa daga Jabo a kan babur, har daga Fakku akwai masu zuwa lokacin hutu.

Baba Maccido, kai ne ka ƙi yi mini ƙarya ranar da na zo ina roƙonta, kai ne kuma ka ɓoye mini gaskiya na minti ɗaya don in tsaya da ƙafata. Na gode maka a kan duka biyun. Na sha yi maka godiyar yatsun, amma ban taɓa neman gafararka a kan maganar da na jefa maka a rumfa ba, don kunya ta hana ni. Yau ina nema a gaban duk mai karanta wannan. Ka yafe mini. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya da damina mai albarka a Sanyinna, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu karatu, ku duba a wuraren aikinku. Kusan ko'ina akwai mai riƙe wa wani katako, wanda ba a kiran sunansa ranar tafi. Ku neme shi ku gode masa tun yana ji, kuma idan riƙon ya zo kanku, ku miƙe hannu ku tsaya.

Wata mai zuwa ɗalibai shida za su yi gwaji a filinmu, kuma karo na farko ba za ka kasance a wurin ba. Na duba duk cikinmu na rasa wanda zan ɗora wa, don haka ni zan riƙe. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, tsoro nake ji. Amma na ga yadda ake yi, kuma in Allah ya yarda ba zan ja baya ba.